Ɗana yana minshari kamar babba, kunnensa kuma ya ƙi daina ruwa

Maman Sadik: Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya fara hana ni barci. Sadik shekararsa 4 da wata biyu. Tun yana da shekara biyu da rabi yake minshari, har daga falo ana jiyo shi. Bakinsa a buɗe yake kwana, da safe filo ya jiƙe sharkaf da miyau. Wani lokacin ina zaune ina kallonsa sai numfashin ya ɗauke ɗif, ƙirjin yana motsi amma iska ba ta shiga, can sai ya zabura ya ja da ƙarfi ya juya. Ga kuma kunne. Daga ƙaramar salla zuwa yau sau huɗu yana ciwon kunne da zazzaɓi, sau biyu har ruwa ya fito, rawaya mai kauri. Mai kemis ɗin layinmu ya ba mu na sha da na ɗigawa, ya lafa, bayan wata guda ya dawo. Jiya na haska makogwaronsa da fitilar waya, na ga wani nama gefe da gefe sun kusa haɗewa. Surukata ta ce belu ne, tunda ba a cire masa yana jariri ba, ranar Asabar za ta kira wanzami. Babansa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ummu Hanan: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Don girman Allah ki dakatar da zancen Asabar ɗin nan tukuna.

Hajiya Kaka: 'Yata, Allah ya kawo sauƙi. Amma ni ban ga abin tsoro a maganar surukarki ba. Mu duk an cire mana belu, 'ya'yana tara duk an cire musu kafin suna, ga su nan da 'ya'yansu. Ta haifi mijinki ta raine shi, ba za ta so jikanta da sharri ba.

Maman Sadik: Wallahi Hajiya ba ta son sa da sharri, ita ce ma ta fi kowa damuwa. Ni dai abin da na gani a gefe yake, guda biyu, ba wanda yake reto a tsakiya ba.

Sista Rabi: Maman Sadik, kin lura daidai, kuma a nan ne yawanci ake cakuɗa abubuwa. Shekara 16 ina aikin jinya, mafi yawa a ɗakin yara, bari in rarrabe miki su. Abu uku ne. Belu shi ne ɗan naman da yake reto a tsakiyar ganɗa, kowa da shi aka haife shi, kuma ba ya jawo ciwon kunne. Biyun da kika gani dama da hagu su ne tansil. Akwai na uku da ba za ki taɓa gani da fitila ba, don yana can sama a bayan hanci, likitoci suna ce masa adinoyid. Tansil da adinoyid iri ɗaya ne, suna cikin masu tsaron jiki daga ƙwayoyin cuta, kuma tsakanin shekara 2 zuwa 7 ne suka fi girma, daga baya su fara motsewa. A wasu yaran sai su yi girman da hanyar iska ba za ta ɗauka ba.

To ina ruwan kunne da wannan? Akwai wani siririn bututu da ya taso daga bayan dodon kunne ya sauka a bayan hanci, dab da inda adinoyid yake. Aikinsa shigar da iska kunne da fitar da ruwan da ya taru. A yaro gajere ne kuma kusan a kwance yake, ba kamar na babba da ya yi gangare ba. Idan naman nan ya kumbura, ko ya zama matattarar ƙwayoyin cuta, bututun ya toshe, ruwa ya taru a bayan dodon kunne. Mura ta zo, ruwan ya zama mugunya, yaro ya kwana yana ihu. In matsin ya yi yawa dodon kunnen ya huje, mugunyar ta fito, zafin ya sauka, uwa ta ɗauka an warke. Minsharin da ciwon kunnen da kika lissafa a matsayin matsala biyu, sau da yawa tushensu ɗaya. Wanzami zai yanke belu, naman bayan hanci yana nan inda yake.

Baban Walid: Sista, ki yi haƙuri in sa baki. Mahaifina wanzami ne, kakana ma haka. Ba na jin daɗin yadda ake maganar wanzamai kamar mahauta. Lokacin da babu asibiti a ƙauyenmu su ne suka riƙe mutane.

Sista Rabi: Malam, ban raina sana'ar gidanku ba, ni ma wanzami ne ya yi wa yayyena kaciya. Amma abin da idona ya gani ba zan ɓoye ba. Na karɓi jarirai da aka kawo bayan cire belu jini ya ƙi tsayawa sai da aka yi ƙarin jini, na ga wanda ya kamu da sandarewar jiki ta tetanus, kuma ƙarfen da ya shiga bakin wani ya shiga na wani yana iya ɗaukar ciwon hanta. Yaro ɗan shekara 4 kuma zai yi ta fizge-fizge, yana iya shaƙar jinin ya tafi huhu.

Baban Walid: Wannan gaskiya ne. Kuma in faɗi tsakani da Allah, shi kansa Baba idan aka kawo masa yaro ya ga 'yan wuya ne suka kumbura, ba ya taɓawa, cewa yake a tafi asibiti, wajen yana da jijiyar jini. Ba duka ne suke da wannan tsoron ba, na sani.

Hajiya Kaka: To ai ni ban san akwai wani nama a bayan hanci ba. A zamaninmu duk abin da ya shafi wuya belu ake cewa.

Maman Iman: Ni tambaya ɗaya zan yi miki Maman Sadik, kuma ki yi tunani kafin ki amsa. Yana jin ki idan kika kira shi daga baya?

Maman Sadik: Sai na kira sau uku ko huɗu. Babansa kullum cewa yake yaron nan kunnen ƙashi gare shi. Malamarsu ma ta ce ba ya mai da hankali a aji.

Maman Iman: Abin da na ji tsoro ke nan. Bari in ba ki labarina, har yau idan na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Iman tana shekara 5 na riƙa dukanta a kan rashin amsa kira. In aike ta ɗauko ludayi ta kawo mini tsintsiya. Ta matsa jikin talabijin kamar za ta shige ciki, in kore ta, ta dawo. Maganarta ma ba ta fita sosai, ƙannen babanta suna kwaikwayonta. Ita ba ta taɓa ruwan kunne ba, ba ta kuka da ciwo, shi ya sa tunanina bai je can ba. Wata rana ina tsaye a bayanta tana wasa da murfin kwalba, na ce a hankali, Iman zo ki karɓi alawa. Ko gezau. Na zagayo gabanta na faɗa da irin wannan muryar tana kallon bakina, ta taso da gudu. A wajen na zauna na yi kuka. Da muka je asibiti aka sa mata wata 'yar na'ura a kunne mai auna motsin dodon kunne, aka ce duka biyun cike suke da ruwa mai danƙo. Likitan ya ce in toshe kunnuwana da yatsa in saurari mutane, haka take jin duniya. Shekara nawa tana haka, Allah kaɗai ya sani. Don Allah ku daina ce masa kunnen ƙashi har sai an gwada jinsa.

Maman Sadik: Innalillahi. Wallahi jiya ma sai da na ɗaka masa tsawa a kan haka. Yanzu na gwada abin da kika ce, yana cin abinci na tsaya a bayansa na ce Sadik ga babanka ya dawo. Bai juyo ba.

Ummu Hanan: Kar ki zargi kanki, ba ki sani ba ne. Yanzu kin sani.

Maman Sadik: Maman Iman, ya aka yi da taki?

Maman Iman: Ba su yi gaggawar aiki ba. Sun ce irin wannan ruwan yakan janye da kansa cikin wata 3, mu dawo a sake gwadawa. Muka dawo yana nan. Sai aka yi mata aiki, aka zuƙe ruwan, aka sa wani ɗan bututu ƙanƙani a dodon kunnen don iska ta riƙa shiga, aka kankare naman bayan hancin a lokaci ɗaya. Tansil ɗinta ba a taɓa ba, don ba su dame ta ba. Bututun da kansa ya faɗo bayan wata tara ko goma, na tsince shi a bakin kunnenta haɗe da dauɗa.

Abban Fadil: Ni fa ina da ja a kan saurin zuwa aiki. Allah bai halicci abu a banza ba. Sista da kanta ta ce masu tsaron jiki ne. In an cire, da me yaron zai kare kansa? Nawa ya yi fama da ciwon makogwaro yana ƙarami, ban yarda an taɓa shi ba, yanzu shekararsa 11 lafiya lau.

Sista Rabi: Abban Fadil, ba ka yi kuskure a kan naka ba, yara da yawa haka suke wucewa, kuma likitan kirki ba ya cire tansil don kawai ya gan su manya. Akwai ma'auni. In don yawan ciwon makogwaro ne, ana duba ko ya kai sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku, kuma ciwo na gaske mai zazzaɓi. Wanda bai kai haka ba yawanci jira ake yi. Amma na Maman Sadik wani abu ne daban. Ta ce numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci. Yaron da yake haka kowane dare ba ya samun barci mai nauyi, iskar da ke jininsa tana sauka tana hawa. Shi ya sa za ka ga wasu ba sa ƙiba, suna fitsarin kwance, da rana ko su yi ta gyangyaɗi ko su hana kowa sakat da ƙiriniya. In ya yi tsanani ya daɗe har zuciya yana wahalarwa. A irin wannan ba a cewa a jira ya girma. Batun kariya kuma, jiki yana da irin wannan naman a wurare da yawa, wanda aka cire wa ba ya zama marar garkuwa.

Abban Fadil: Na fahimta. Nawa gaskiya bai taɓa ɗauke numfashi ba.

Maman Sadik: Fitsarin kwance kam yana yi, kuma duk sa'anninsa sun fi shi jiki. Nama ma ba ya iya haɗiya, sai ya tauna ya tofar.

Ummu Hanan: Shawarata, yau da dare ki ɗauke shi a bidiyo yana barci, minti biyu ko uku, ki ɗage rigar a ga ƙirjin, kuma sautin ya fito. Dalili biyu. Na farko, a gaban likita yaro a farke yake, ba zai ga abin da kike gani ba. Na biyu, ki nuna wa babansa da Hajiyarsa. Ni da baki na yi ta faɗa ba a ɗauka da muhimmanci ba, ranar da maigidan ya ga bidiyon da idonsa shi ya fara neman mota.

Maman Zahra Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan haka ne, lokacin hunturu da ƙura abin ya fi tashi. Ni tambayata ga Sista, kakar yarana tana ɗiga musu man zaitun da ɗumi ko ruwan albasa in kunne yana ciwo, wata maƙwabciyata kuma nono take matsawa. Akwai illa?

Sista Rabi: Akwai, musamman idan kunnen yana ruwa, don ruwa yawanci yana nufin dodon kunnen a huje yake, duk abin da aka zuba zai wuce ciki. Ba mai, ba albasa, ba nono, ba habbatus sauda, ba gashin kaza ko tsinken ashana. Har maganin ɗigawa na kemis ba kowanne ne ya dace da hujajjen kunne ba, akwai masu iya taɓa jijiyar ji, shi ya sa ake so a leƙa kunnen kafin a rubuta. Abin da uwa za ta yi a gida shi ne busar da shi: ki murza tsaftataccen ƙyalle mai shan ruwa ko tishu mai ƙarfi kamar lagwani, ki sa a bakin kunnen ya tsotse, ki cire ki sa wani har ya fito a bushe, sau uku a rana. Wajen wanka a kiyaye ruwa, kuma ban da iyo a kududdufi ko rafi. Ruwan kunnen da ya kai kwana 14 bai tsaya ba ya zama daɗaɗɗe, maganinsa daban. Kuma wannan ku riƙe shi da kyau: idan bayan kunnen ya kumbura yana zafi har kunnen ya turo gaba, ko wuya ya sanƙare, ko yaro ya yi ta amai yana barcin da ba a gane ba, ko gefen fuska ya karkace, a daren za a tafi asibiti, ba a jiran safiya.

Maman Zahra Maraɗi: Na gode Sista. Zan karanta wa kakar tasu da kaina.

Anti Bilki: A ƙara da hayaƙi. Mu mata muna son turaren wuta, a rufe ɗaki a turara da jariri a ciki, ga maganin sauro na kunnawa duk dare, ga hayaƙin itace, wani gidan ga sigarin maigida. Duk suna kumbura hancin yaro. Tun da na koma gidan sauro na daina turare a ɗakin da suke kwana, murar yarana ta ragu. Da ba wa jariri fida yana kwance flat a gado, shi ma yana jawo ciwon kunne.

Sista Rabi: Haka ne Anti. Shayar da nonon uwa zalla wata 6 yana rage shi, rigakafi ma haka. Allurar PCV da ake yi a sati 6, 10 da 14, wadda aka fara sa wa cikin rigakafin yara a Najeriya a ƙarshen 2014, don sanyin haƙarƙari da sanƙarau aka fi saninta, amma ƙwayar cutar da take karewa tana cikin masu jawo ciwon kunne. Wani abu kuma da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rabin magani. A sayi amoxicillin a ba yaro kwana biyu, zazzaɓi ya sauka, a ajiye kwalbar sai wani karon. Mafi yawan ciwon makogwaro na mura ne, ba ya ma buƙatarsa. Amma akwai wanda ƙwayar cutar strep take kawowa, shi kuma sai an cika kwana 10, don in ba a kashe ta ba tana iya komawa ta taɓa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya bayan 'yan makonni.

Maman Sadik: To ina zan kai shi? Asibitin unguwarmu sau biyu ina zuwa, ba a ko leƙa kunnen ba, magani kawai aka rubuta.

Ummu Hanan: Ki ce a tura ki sashen kunne, hanci da makogwaro. In kina Kano akwai a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, Zariya akwai a Shika, Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, aikinta ke nan. Ki tafi da sassafe, ki riƙe kwalaben duk magungunan da ya sha, ki rubuta watannin da kunnen ya tashi.

Maman Amir: Kuma in ba ki san jininsa ba a gwada. Nawa sikila ne, irinsu sun fi yawan samun wannan kumburin, kuma kafin a ba su maganin barci akwai shiri na musamman da ake yi. Ki faɗa musu tun farko.

Maman Sadik: AA ne, mun gwada. Na ɗauki bidiyon jiya. Na ƙirga, cikin minti uku sau biyar ya ɗauke. Na kai wa surukata da safe, ban ce komai ba na miƙa mata wayar. Ta kalla sau biyu, ta ce a bar zancen wanzamin, ita za ta raka ni.

Hajiya Kaka: Kin ga abin da na ce miki, ba ta son sa da sharri. Allah ya yi muku albarka ke da ita.

Maman Sadik: Assalamu alaikum, na dawo da bayani, ku yi haƙuri na yi shiru kusan wata biyu. Mun ga likita. Ya kalli bidiyon, ya duba makogwaro, aka yi hoton gefen wuya, aka ce naman bayan hancin ya kusa rufe hanyar. Hujin kunnen dama ya rufe da kansa, amma duka biyun akwai ruwa, gwajin ji ya nuna ya ragu. An yi aikin ranar Talatar da ta wuce, an cire tansil da adinoyid, an sa bututun a kunnuwa biyu. Kwana ɗaya muka yi. Daren farko a gida sau uku ina tashi in kara hannu a hancinsa, don shirun ya yi yawa ban saba ba. Yau kwana 6. Damuwata yanzu, wajen ya yi fari fat kamar an shafa alli, bakinsa yana wari, kuma tun jiya yana cewa kunnensa na ciwo. Ko ya ruɓe ne?

Sista Rabi: Alhamdulillah. Farin nan ɓawon warkewa ne, ba mugunya ba, kar a goge shi, warin ma nasa ne. Ciwon kunnen yawanci daga makogwaron yake tasowa, jijiyarsu ɗaya, kuma a irin waɗannan kwanakin yakan ƙaru kafin ya sauka. Ki ci gaba da ba shi maganin zafin da suka rubuta a kan lokaci, ban da asfirin, ban da duk wani maganin tari mai kodin. Ya yi ta shan ruwa, ya ci abin da zai iya, kunu ko shayi kar su yi zafi. Amma ki sa ido sosai daga yanzu zuwa kwana 14, don lokacin da ɓawon yake faɗuwa ne jini kan ɓalle. In kika ga jan jini a miyau ko a filo, ko ya yi aman jini, ko kika ga yana ta haɗiya ba dalili, ku koma asibiti nan take ko ƙarfe nawa ne. Haka in zazzaɓi ya yi zafi ko ya ƙi shan komai.

Maman Sadik: To Sista, na gode. Babansa ya ce ba zai yi tafiyar Legas ɗin ba sai an cika sati biyun, kuma mai adaidaitan maƙwabtanmu ya ba mu lambarsa ko da dare ne. Wanka fa, ya zan yi da kunnen?

Maman Iman: Ni auduga nake shafa wa Vaseline in toshe bakin kunnen, in an gama wankan in cire. Ruwan sabulu ne aka fi gudu. Ki tambaye su ranar komawa ko za su ce ki ci gaba, kuma ki tuna musu a sake gwajin jin.

Maman Sadik: Ranar Alhamis ta sama ne komawar, zan tambaya in sha Allahu.